Ga Masu Jin Nauyin Shiga Gidan Motsa Jiki Su Kaɗai

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu mai albarka, in yi magana da 'yan uwana da likita ya ce su fara motsa jiki, ko su da kansu suka ga tumbi ya fara yawa, amma ƙafa ta ƙi taka ƙofar jim saboda babu abokin tafiya. Na daɗe ina koyar da ɗaga ƙarfe a nan Kaduna, kuma kusan duk sabon zuwa tsoronsa ɗaya ne, idon mutane.

Wallahi ba kowa ke kallonka ba. Wancan mai faffaɗan ƙirjin da ke gaban madubi, kansa yake kallo, yana ƙirga nawa ya ɗaga. Abin da ya fi damuna shi ne inda kunyar ke kai mutum. Magidanci zai shigo, ya ga yaro sa'an ɗansa yana ɗaga kilo 60, sai ya loda faranti, wato ƙarafan nauyi masu zagaye, a sandar ɗagawa don kada a raina shi. Washegari baya ya riƙe, ko ruku'u ba ya iya yi, kuɗin wata ya tafi, shi kuma ba a sake ganinsa. Ku sani babbar sandar nan ita kaɗai kilo 20 ce, ta mata 15. Fara da ita haka, ba faranti ko ɗaya, har hannu da ƙugu su gane hanyar. In ma ta yi nauyi, akwai ƙananan ƙarafa na hannu, ɗauki masu kilo 2 ko 3, babu abin kunya.

Kafin ka taɓa ƙarfe, yi minti 10 a keke ko injin tafiya, daidai yadda za ka ɗan yi haki amma kana iya magana. In cunkoso ne ke tsorata ka, je da hantsi ko bayan azahar. Daga la'asar zuwa isha ne wuri ke cika. Mata kuma su tambaya, wurare da dama na ware musu lokaci, sai dai a sa ƙaramin hijabi wanda ba zai sarƙe a inji ba.

Injin da ba ka gane ba, ce wa koci ko na kusa da kai, "Don Allah yaya ake saita wannan?" Ban taɓa ganin wanda ya ƙi nunawa ba. Kuma kada ka kwanta a benci ka ɗaga sanda bisa ƙirjinka babu mai tsaya maka a kai. In hannu ya gaza, a wuya take sauka.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, da kwana 2 na ƙarfafa tsoka. Minti 30 sau 5 ke nan, kuma zagayen da ake yi a Dandalin Murtala da safe yana cikin lissafi.

Jiki zai yi tsami kwana 1 zuwa 3 bayan farawa, wannan ba komai. Amma in fitsari ya koma kalar baƙin shayi, tsoka ta kumbura, a tafi asibiti a ranar, don ƙoda ce ke cikin haɗari. Ciwon ƙirji ko jiri, a tsaya nan take. Mai hawan jini ya ga likita tukuna, kuma kada ya riƙe numfashi yayin ɗagawa, ya fitar da shi lokacin da yake turawa. Duk wanda ya ja ka gefe ya ce yana da allurar kumbura jiki ko tramadol na ƙarin ƙarfi, ka ce masa a'a, ko da ya fi kowa ƙira a wurin.

Masu gidajen motsa jiki, ku ma da ku nake. Kun karɓi kuɗin mutum, to a ranarsa ta farko ku haɗa shi da ma'aikaci ɗaya ya zaga da shi, ya nuna masa kowane inji da yadda ake kashe shi.

Wassalam,
Mai koyar da motsa jiki,
Tudun Wada, Kaduna.