Zuwa ga ɗana, a kan darasin izokor

Ɗana,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya. Mahaifiyarka da ƙannenka duk suna gaishe ka daga nan Maradi. Ka ce mini a waya darasin tarmodinamik, wato ilimin zafi da aiki da makamashi, ya tsaya maka a wuya, musamman izokor da ƴan uwansa. To, saurara.

Kafin ka ɗauki alƙalami, tambayi kanka: me aka ɗaure a wannan lissafi? In matsi ne, izobar ke nan. In awon zafi ne, izotarm. In an hana zafi shiga da fita, adiyabatik. A izokor kuwa, girman wurin da iska take ciki shi ne ba ya motsi. Dubi tukunyar oksijin da masu walda suke jinginewa a bakin shago, rana na dukanta. Ƙarfe ce, ba ta buɗewa, ba ta tsukewa. Iskar ciki ba ta ture komai ba, aikinta sifili ne, W = 0. Duk zafin da ya shiga ya zauna a makamashin cikinta, Q = ΔU, sai matsi ya yi ta hawa.

A nan na sha ganin ɗalibai sun zame lokacin da nake koyarwa. Dokar Gay-Lussac ta ce a izokor P/T, wato matsi a raba da awon zafi, ba ya sauyawa, amma T ɗin nan da ma'aunin kelbin ake auna shi, ba da digirin Selsiyus ba. Daga digiri 27 da sassafe zuwa 47 da tsakar ranar Afrilu, kelbin 300 ne zuwa 320. Matsi ya ƙaru da kashi 1 cikin 15 kacal, ba kusan ninki biyu da mai gaggawa zai rubuta in ya raba 47 da 27 ba.

Kada kuma ka ɗora wannan doka a kan tukunyar gas ɗin girkin mahaifiyarka. Girgiza ta ka ji: gas ɗin ciki, wato butan, ruwa-ruwa yake a ƙasa, tururinsa a sama. Daga digiri 27 zuwa 47 ɗin nan, matsinta kan ƙaru da fiye da rabi. Shi ya sa nake faɗa in an bar ta a tsakar gida.

A shimi, wato ilimin sinadarai, za ka gamu da kalorimita na Berthelot, na'urar auna zafi inda ake ƙona abu cikin rufaffen ƙarfe; shi ma izokor ne. ΔU yake aunawa. In ΔH ake nema, wato zafin da ya shiga ko ya fita in matsi bai sauya ba, ƙara ΔnRT a kan ΔU; Δn shi ne sauyin yawan mol, ma'aunin yawan abu, kana ƙirga na iska kaɗai. Ga cikakkiyar iska kuma, wato iskar da take bin waɗannan dokoki daidai, Cp ya fi Cv da R, wato 8,314 J/mol·K: su ne zafin da mol ɗaya ke buƙata ya hau kelbin ɗaya, Cp a izobar, Cv a izokor.

Zan ba direba tsofaffin takardun darasina ya kawo maka, akwai atisaye a ciki. Ka yi su, ka kira ni mu duba tare. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka