Ku leƙa bikin Ingal bana

Ranka ya daɗe Edita,

Ina roƙon ku tura wakili Ingal, yamma da Agadas, lokacin da makiyaya ke kawo dabbobinsu lasar gishiri a ƙarshen damina, wajen watan Satumba. A can matan Buzaye ke ɗaure fatar akuya a bakin turmi su buga tende, raƙuma na kewaye su da taku daidai da kiɗan. Samarin Fulanin Bororo kuma su jera, fuska ta sha kwalliya, suna zare ido suna washe haƙora, 'yan mata na zaɓen wanda ya fi kyau. Ba ganga gare su ba, murya ce da tafi. Hotunan Facebook ba su wadatar ba, a zo da abin ɗaukar sauti.

Mai karatunku,
direban babbar mota, Agadas