Wasiƙa zuwa ga Malam Sanusi a kan ɗan kasuwar Biladimir

Zuwa ga aminina Malam Sanusi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali, wasiƙarka ta iso ni, kuma na ga ka sake tayar da gardamar da muka bari kafin ka tashi, inda ka kafe a kan cewa hali zanen dutse ne. Zan amsa maka da wani gajeren labari na Tolstoy, marubucin Rasha, wanda ya fito a 1872, ma'anar sunan labarin kuwa ita ce Allah yana ganin gaskiya amma yana jinkirtawa.

Aksiyonof matashin ɗan kasuwa ne a garin Biladimir, mai kantuna biyu da gida nasa, mai son waƙa da raha. A hanyarsa ta zuwa cin kasuwar Nizhni ya kwana a masauki ɗaya da wani falke, gari ya waye aka iske falken a yanke, aka kuma sami wuƙa da jini cikin jakar Aksiyonof. Abin da ya karya shi ba kamun ba ne, matarsa ce ta zo kurkuku ta tambaye shi ko shi ya yi. Daga ranar ya daina kai kuka ga hukuma, ya ce ba mai sanin gaskiya sai Allah. Aka yi masa bulala, aka kai shi kurkuku a Saberiya, wani yanki mai nisa na Rasha, ya yi shekara 26, ya koyi ɗinkin takalmi, ya duƙufa ga ibada, har 'yan fursuna suna kiransa Kaka, suna kawo masa rigimarsu ya sasanta.

Masu karatu da yawa suna ɗauka nan ne ya sauya, ni kuwa ban yarda ba. Mutumin da aka raba da iyalinsa da dukiyarsa, ba shi da wanda zai huce a kansa, haƙurinsa haƙurin dole ne, kuma marubucin da kansa ya fallasa hakan. Da aka kawo wani sabon fursuna mai suna Makar, ɗan garinsu, wanda aka kama da satar doki, Aksiyonof ya gane daga maganarsa cewa shi ne ya kashe falken. Nan take ibadar shekara 26 ta kasa riƙe shi, ya yi mako biyu ba barci, yana addu'a amma zuciyarsa tana tafasa, ba abin da yake so sai ramuwa ko da zai halaka. Ashe wutar tana nan, toka ce ta rufe ta.

Sauyin ya zo ne ranar da ya sami iko. Ya tarar da Makar yana haƙa ramin gudu, sojoji suka gano ramin, shugaban kurkukun ya tsayar da Aksiyonof gaban jama'a ya ce shi mai gaskiya ne, ya faɗi wanda ya haƙa. Kalma ɗaya ta isa a yi wa Makar dukan mutuwa. Hannun Aksiyonof da leɓensa suka yi ta rawa, sannan ya ƙi faɗa. Ka lura a lokacin bai yafe ba tukuna, ya dai tambayi kansa me zai ƙaru da shi. Sai da Makar ya zo da dare ya durƙusa yana kuka yana neman gafara, sannan Aksiyonof ya ce Allah zai gafarta masa, wataƙila ma shi Aksiyonof ya fi Makar laifi sau ɗari. Mutumin da ya rayu yana riƙe da kasancewarsa wanda aka zalunta, ya wayi gari ya daina auna kansa da wannan ma'auni.

Akwai abin da ke damuna, ba zan ɓoye maka ba. Makar ya je ya amsa laifinsa, amma takardar sakin Aksiyonof ta iso bayan ya rasu, kuma na kasa yanke hukunci ko marubucin rahama ya yi masa, ko kuwa gudu ya yi kada ya nuna mana tsohon ya koma garin da 'ya'yansa suka manta da shi. Ka karanta ka faɗa mini yadda ka ga wannan wurin.

Ka gaishe mini da uwargida da yara. Wassalam.

Naka,
Aminu