Zuwa Ga Ƙanena Mai Neman Littafin Yaƙin Nomandi

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da iyali da ɗalibanka.

Tambaya biyu ka yi mini a bainar jama'a. Ta farko, wane littafi guda ne zai wadatar da mutum game da saukar sojojin Ƙawance, wato Amurka da Ingila da abokansu, a gaɓar Nomandi ta Faransa a Yaƙin Duniya na Biyu? Ta biyu, ko kakanninmu suna cikin waɗanda suka sauka? Tunda a fili ka tambaya, bari in amsa maka a fili.

Littafi guda ba zai ishe ka ba, amma ka fara da The Longest Day na Cornelius Ryan, wanda ya fito a 1959. Ryan ɗan jarida ne da ya bi sojoji a fagen daga, daga baya ya zauna da waɗanda suka tsira, Amurkawa da Turawan Ingila da Jamusawa da mutanen gari, ya haɗa bakinsu wuri guda. A wurinsa za ka ga yadda hadari ya sa Eisenhower, babban kwamandan sojojin Ƙawance, ya ɗage harin daga 5 ga Yuni zuwa 6 ga Yuni, 1944, da yadda aka wayi gari Rommel, kwamandan Jamus da aka ba tsaron gaɓar, yana can gida Jamus don bikin ranar haihuwar matarsa. Jirage na ruwa kusan 7,000, sojoji kimanin 156,000, gaɓa biyar: Utah, Omaha, Gold, Juno da Sword. In ka ɗauki littafin bayan isha'i, barci sai dai ya yi haƙuri.

Matsalarsa ɗaya ce, kuma ba ƙarama ba. Labarin yana ƙarewa da ƙarewar ranar, sai mai karatu ya rufe littafi yana ganin an gama yaƙi. Alhali a ranar aka buɗe shi. Sojojin Ƙawance sama da 4,000 suka mutu ran saukar, amma babbar ɓarnar tana gaba. Birnin Caen da Montgomery, janar ɗin Ingila, ya yi lissafin kamawa a ranar farko bai shiga hannu ba sai cikin Yuli, bayan jiragen sama sun mai da shi kufai. Amurkawa kuwa sun maƙale makonni a gonakin da manoma suka kewaye da tudun ƙasa da shingen itatuwa masu kauri, kowace gona sai an zubar da jini kafin a ƙetare ta. Sai 25 ga Agusta aka karɓe Paris.

Don haka na fi son ka bi bayan Ryan da littafin Antony Beevor na 2009, D-Day: The Battle for Normandy. Shi ya raka yaƙin har Paris, kuma bai kau da kai daga talakawan Faransa ba, waɗanda kusan 20,000 daga cikinsu suka hallaka a watannin nan, da yawansu a ƙarƙashin bama-baman masu cewa sun zo ceton su. In kai mai son gardama ne, ga Overlord na Max Hastings, 1984, wanda ya tsaya a kan cewa sojan Jamus ya fi abokin karawarsa iya faɗa in aka gwada mutum da mutum, yawan kayan yaƙi ne ya rinjaye shi. Ba kowa ya yarda da shi ba, ni ma ba duka na karɓa ba, amma yana sa mutum ya yi tunani. Na Stephen Ambrose na 1994 cike yake da muryoyin ƙananan sojoji, sai dai son kai ga Amurka ya yi masa yawa. Ka karanta shi kana sane da haka.

Wani abu da za ka riƙa tuna wa ɗalibanka: dukan marubutan nan mutanen Yamma ne. A cikin Yunin 1944 ɗin nan dai Tarayyar Sobiyat ta ƙaddamar da harin Bagration, wanda ya ragargaza babbar rundunar Jamus ta tsakiya a gabas. Yaro da ya karanta Nomandi kaɗai zai ɗauka a bakin teku Hitila ya faɗi.

Batun kakanninmu kuwa, babu rundunar Nijeriya a Nomandi. Namu suna ƙasar Bama (Myanmar ta yau), cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, suna fama da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kuma Hausa ce harshen da ake magana da shi a cikin bataliyoyin Nijeriya. Barikin Kalapanzin na Kaduna daga can ya samo sunansa. John Hamilton, hafsa a runduna ta 81, ya rubuta tarihinta a War Bush. Sojojin Afirka da suka sauka Faransa ta ruwa na ƙasashen rainon Faransa ne, kuma akasarinsu a Provence suka sauka, can kudu, a harin da aka soma ran 15 ga Agusta, 1944. In ɗalibanka sun tambaye ka labarin kakanninsu, ta wajen Bama da Provence za ka nema musu.

Ka gaida mutanen gida.

Naka,
Yayanka