Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Ƙungiyar Ɗalibai Masu Haɗa Mutum-mutumi, Kaduna

Iyayenmu, malamanmu da 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Bana abu biyu muka sa a gaba: shirin gasar FIRST LEGO League, wadda yara ke haɗa mutum-mutumi da kayan kamfanin LEGO su fafata, da kai kimiyya cikin unguwanni. Na farkon ya fi cin kuɗi da lokaci, amma a ganin shugabanni na biyun ne ya fi barin alheri.

A watan Agusta aka fitar da jigon gasar na wannan zango, UNEARTHED, kan binciken kayan tarihi da ke binne a ƙasa. Abin nema ya samu, domin ƙauyen Nok, wanda tsofaffin gumakan yumɓun nan suka ci sunansa, yana ƙaramar hukumar Jaba a jiharmu. Yara sun ziyarci gidan adana kayan tarihi na titin Ali Akilu, daga nan suka tsayar da aikin bincikensu: akwatin da zai ɗauko fasassun tukwane daga wurin tono ba tare da sun ƙara farfashewa ba.

Wasan mutum-mutumin kuwa minti biyu da rabi ne kacal, kuskure kaɗan ya isa ya zubar da maki. Masu walda na Panteka ne suka haɗa mana ƙafafun teburin atisaye. Da hunturu ya shigo, ƙura ta riƙa kwanciya a kan tabarmar wasa, tayoyi na santsi, na'urar gane launi na kasa bin baƙin layi. Yanzu doka ce: kafin kowane gwaji a goge tabarma da tayoyi da tsumma mai ɗan danshi. Yaran sun kuma koyi amfani da ma'aunin juyi da ke cikin SPIKE Prime, kayan haɗa mutum-mutumi na LEGO, wajen daidaita kwana.

Tsohon mutum-mutuminmu EV3, ɗaya daga cikin samfurin Mindstorms na LEGO, na nan yana lallaɓawa. Kamfanin LEGO ya daina ƙera Mindstorms a ƙarshen 2022, kayan gyaransa sun yi wuya, ga tsadar dala.

Shi ya sa a Rigasa, Tudun Wada da Kawo muka tafi da Arduino, ƙaramin allon lantarki mai araha da ake tsara wa umarni. Abin da ya fi jan jama'a shi ne na'urar auna nisa, wadda ke aika sautin da kunne ba ya ji ta jira dawowarsa, irin yadda jemage ke gane hanya. Muka ɗora ta a bakin duro, ruwa na kusa da cika ƙararrawa ta ɗauka. Nan take wani dattijo ya tambayi nawa za a haɗa masa a tankin gidansa. 'Yan mata sun fi yawa a ajin Scratch, manhajar koya wa yara rubuta umarnin kwamfuta, kuma su suka fi daɗewa a gaban kwamfuta.

Matsalar wuta na nan, batirinmu ya gaji. Kwamitin kuɗi zai kawo lissafin sayen sola a taro na gaba. Waɗanda ake bi kuɗin wata, don Allah a cika kafin ranar.

Sakataren ƙungiya