Wasiƙa zuwa ga Baba: buta da sabulu a ƙofar zaure

Landan, 22 ga Afrilu, 2020

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Baba, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da Inna da Gwaggo da dukan yaran gida. Ya zafi? Na san yanzu rana ta buɗe a Sakkwato, ga azumi jibi ko gata. Ni lafiya lau nake, alhamdu lillahi. Na turo wannan ta wayar Auta don ya karanta muku a zaune, domin in munka yi waya gaisuwa ke cinye lokacin, abin da ke raina kuma ya tsaya a maƙogwaro.

Shekaranjiya na ji Gwamna Tambuwal ya ba da sanarwar an samu mutum na farko mai korona a jihar. Daren nan ban runtsa ba. Tun da anka samu na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairu nake addu'ar kada ta iso gida, to ga ta ta iso. Na ji ana ta cewa cutar masu kuɗi ce, wasu na cewa zafin Sakkwato zai ƙone ta. Baba, Saudiyya ma akwai rana, amma ga Umara an dakatar. Ni kuma da idona na gani. A gidan kula da tsofaffin da nake aiki mun rasa mutum uku cikin wata guda, kuma babu attajiri a cikinsu. Ɗaya dattijo ne mai ciwon suga irin naku, ni nake ba shi abinci da safe. Tun 23 ga Maris anka kulle ƙasar nan, ko Juma'a ba mu zuwa.

Abin da nake roƙo bai da tsada: wanke hannu da sabulu. Na san za ku ce mai alwala sau biyar a yini ba a koya masa wanke hannu. Gaskiya ne, ku kunka koya mana. Sai dai ruwa zalla bai isa ga wannan ƙwayar cuta ba. Yadda anka bayyana mana a wurin aiki, jikinta lulluɓe yake da wani maiƙo. Ku duba kwanon da anka ci miya mai man shanu, ko an ɗauraye shi sau uku santsin na nan, sai an sa sabulu yake fita. Haka sabulu ke fasa rigarta ta lalace. Tana fitowa ne daga tari da atishawa da numfashin mai ɗauke da ita, ta sauka a hannu ko kuɗi ko mariƙin ƙofa, mutum ya taɓa, ya kai hannu ido ko hanci ko baki. Wani ma yana ɗauke da ita bai sani ba, garau yake yawonsa. Saboda haka a fara da sabulu, sannan a yi alwala.

Kuma ba a yi da gaggawa. A jiƙa hannu, a sa sabulu ya yi kumfa, a cuɗa tafi da baya da tsakanin yatsu da babban yatsa da ƙarƙashin farce, ana ƙirga ɗaya zuwa 20 a hankali, sannan a ɗauraye. Ni a yini ban san adadin da nake yi ba, har bayan hannuna ya tsattsage kamar lokacin hunturu, ina shafa man kaɗe da dare.

Wurin da ya fi damuna shi ne kwanon wanke hannu na zaure. Tun muna yara haka munka taso: a kawo ruwa a kwano ɗaya, babba ya fara tsoma hannu, a bi da bi har kan ƙarami. Na ƙarshe dauɗar kowa yake wankewa da ita. Ga buɗa baki na tafe, zaurenku kuwa ba ya rabo da baƙi da almajirai. Don Allah a ɗauke kwanon nan. A ajiye buta da sabulu a ƙofa, yaro ya zuba wa mutum ruwa yana zuba ƙasa. Ku kunka karantar da mu hadisin da Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya tashi daga barci kada ya tsoma hannunsa cikin mazubi sai ya wanke shi sau uku, don bai san inda hannun ya kwana ba. In wani ya ji haushin buta, wannan ya ishe ku amsa. Haka ludayin fura da kofin kunu, kowa ya riƙe nasa. Moɗar randa ma a sa mata ido, yara na dawowa daga wasa su cusa hannu har wuyan randa.

Musafaha ita ce mai wuya, na sani. Dattijo kamarku a miƙo masa hannu ya ƙi karɓa, abin da nauyi. Ku riga mutum ɗora hannu a ƙirji tun daga nesa, sallama ta wadatar. In da hali ma a rage zaman zauren bana, don wanke hannu kaɗai ba ya tare tarin wanda ke zaune gab da ku.

Yaya kuma da ke wuni a kasuwa yana ƙirga kuɗi, ya daina lasar yatsa, kuma in ya dawo kada ya ɗauki yara ko ya shiga ɗakinku sai ya wanke hannu. In zai sayi sanitiza ya duba kwalbar, sinadarin alkohol ɗin ya kai kashi 60 cikin 100. Ba ta aiki sosai a hannu mai dauɗa ko maiƙo, sabulu ya fi ta.

Na san ruwa saye ake yi wurin 'yan garuwa, kuma da zafin nan jarka ta yi tsada. Na turo wa Yaya kuɗi daban da na azumi, na ruwa da sabulu ne kawai, kada a haɗa da cefane. Ba sai mai ƙamshi ba, sabulun wanki ko na salo duk ɗaya ne, ko a kaɗa omo a gorar roba a huda murfin. Wanda duk ya fara zazzaɓi da busasshen tari ko numfashi na yi masa wuya, a ware masa ɗaki da kwanonsa, a nemi ma'aikatan lafiya, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.

A gaishe da Inna, a ce mata ina cin abinci, ta kwantar da hankalinta. Ku sa ni a addu'a lokacin sahur. Auta, in an ajiye butar da sabulun a ƙofar zaure, ka ɗauko mini hoto ka turo.

Wassalam,
Ɗanku na Landan