Kafin ƙaramin jirgi ya bar Kano zuwa Legas: kira ga masu matsa wa matuƙi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari da bai cika fitowa a jaridunmu ba, wato yadda ake shirya doguwar tafiya a ƙaramin jirgin sama irin wanda mutum yake tuƙawa da kansa. Na shafe shekaru ina tuƙa irin waɗannan jirage kafin in ajiye aiki, kuma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da ta taso a cikin gidanmu.

Ɗan ƙanwata ya sami lasisin tuƙin jirgi na kashin kai, muka yi masa murna, aka yi walima. Ba a daɗe ba aka sa ranar auren wani ɗan'uwanmu a Legas a tsakiyar hunturu, sai mahaifinsa ya yanke hukunci cewa yaron ne zai ɗauke su, shi da Hajiya da wani amininsa, a jirgi samfurin Cessna 172 da za su yi haya, su tashi daga Kano da safiyar ranar ɗaurin aure. Yaron ya zo ya durƙusa a gabana ya ce, "Kawu, na duba lissafin bai fita ba, amma ban san yadda zan fuskanci Baba da wannan magana ba." Na san akwai gidaje da yawa da irin haka za ta faru yayin da 'ya'yanmu ke ƙara fitowa daga makarantun koyon tuƙin jirgi na Zariya da Ilori da na ƙasashen waje, don haka na ga ya dace in shimfiɗa lissafin a bainar jama'a, ba don matuƙan ba, su sun riga sun sani, sai don iyaye da iyayen gida da fasinjoji.

Tsakanin Kano da Legas ta sama kimanin kilomita 830 ne idan aka miƙe ɗoɗar. Cessna 172 tana tafiyar kilomita 210 zuwa 220 a awa ɗaya, kenan awa huɗu a takarda. Tankunanta biyu da ke cikin fukafukai suna ɗaukar man da za a iya amfani da shi kusan lita 200, inji kuma yana shan wajen lita 35 a kowace awa, wato ƙasa da awa shida kafin farfela ta tsaya. Wanda ya tsaya a nan zai ce ai akwai rara mai yawa. Amma jirgi a cikin iska yake tafiya, iskar kuma ita ma tafiya take yi. A lokacin hunturu takan taso ne daga arewa maso gabas, saboda haka mai tafiya Legas tana tura shi daga baya, mai dawowa Kano kuwa gaba da gaba za su yi. Idan ta rage wa mai dawowar kilomita 40 kacal a awa, tafiyar awa huɗu ta koma kusan awa biyar, ga man da aka ƙona wajen ɗumama inji da jiran izinin hasumiya da hawa sama, ga kuma ajiyar aƙalla rabin awa da ƙa'ida ta wajabta a sauka da ita da rana. Rarar da ake taƙama da ita ta ƙare ke nan tun ba a yi maganar kauce wa hanya ko shawagi a saman Legas ana jiran manyan jirage su sauka ba.

Sai batun nauyi, wanda shi ne ya fi ba mutanenmu mamaki. Ganin kujeru huɗu yana sa a ɗauka mutum huɗu za su shiga da kayansu kamar yadda ake yi a tasi. Iyakar nauyin da aka yarda wannan jirgi ya tashi da shi kilo 1,157 ne, shi kansa jirgin ba kowa a ciki ya kai wajen kilo 760, cikakken mai kuma ya kai kusan kilo 145. Abin da ya rage wa mutane da kaya kilo 250 ne ko kusa da haka. Manya huɗu masu matsakaicin jiki sun haura wannan tun kafin a ɗora akwatin Hajiya, balle kwalin kilishi da turamen atamfa da aka ce tsarabar biki ce. Dole ɗaya daga cikin biyu: ko a rage mutane, ko a rage mai. Idan aka rage mai kuwa, sai an yada zango a hanya.

A nan ne matsalar gaskiya take a ƙasarmu. Madugan da suka riƙa kai ayari daga Kano zuwa Agadas da Ghat ba nisan hanya suke fara ƙirgawa ba, rijiyoyi suke ƙirgawa, kuma matuƙin ƙaramin jirgi haka ya kamata ya yi. Manyan jirage kananzir ɗin jirgi suke sha, wanda ake kira Jet A-1, kuma ana samunsa a manyan filayenmu. Cessna 172 ta asali kuwa wani fetur na musamman take sha mai launin shuɗi-shuɗi, ana ce masa avgas, shi kuma samunsa a Nijeriya aiki ne. Wannan ƙarancin yana daga cikin abin da ya sa jirage samfurin Diamond DA40 da DA42 masu injin da ke shan Jet A-1 suka sami karɓuwa a makarantun koyon tuƙi. Kaduna da Minna da Ilori da Ibadan duk suna kusa da layin tafiyar, kuma kowanne yana da titin da ya ishi ƙaramin jirgi har ya yi masa yawa, amma kasancewar fili a taswira ba ya nufin akwai man da jirginka zai sha a wurin.

Na koyi wannan da jikina. Wata shekara na buga waya wani fili, wanda ba zan ambaci sunansa ba, wani ya tabbatar mini cewa akwai avgas. Da na sauka aka kai ni bayan wata rumfa aka nuna mini duro biyu. Na ƙwanƙwasa na farko da makulli ya yi ƙara kamar gangar maroƙa, babu komai a ciki. Na biyu yana da ɗan abin da bai kai rabi ba, murfinsa a sake, ya sha rana da raɓa ba a san tun yaushe ba. Na zuƙo kaɗan a cikin ɗan kofin gilashin da muke gwada mai da shi, na ɗaga shi sama wajen haske, sai ga ɗigon ruwa ya kwanta a ƙasa kamar duwatsun carbi, man kuma yana yawo a samansa. Kwana biyu na yi a garin ina jiran a kawo mini mai a bayan mota. Tun daga ranar, tambayata a waya ta canza: lita nawa ne, yaushe aka kawo shi, an ɓalle hatiminsa ko ba a ɓalle ba, wa ke riƙe da makullin ma'ajiyar, kuma zai zo aiki ranar Juma'a?

Yanayi shi ne babban alƙali. Sabon matuƙi mai lasisin kashin kai da idonsa yake tafiya, sai ya ga ƙasa, ya ga inda sama ta haɗu da ita, sannan ya san jirginsa a daidaice yake. Ƙa'ida ta nemi ya iya hangen aƙalla kilomita 5 a gabansa. Mu da muka tashi a Arewa mun san yadda hazo yake rufe Kano idan ƙura ta taso daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, har manyan jirage masu na'urori iri-iri su kasa sauka, a soke tashi, fasinjoji su yini a zaune. Abin da wanda bai taɓa shiga ba ba zai gane ba shi ne, a cikin hazo babu sama babu ƙasa, ko'ina fari ne kamar an kifa maka ƙwarya. Kunnen mutum na ciki, wanda shi ke gaya masa a tsaye yake ko a karkace, sai ya fara yi masa ƙarya, ya ji kamar jirgi a miƙe yake alhali ya karkata yana gangarawa. Wanda bai sami horon tuƙi da na'ura kaɗai ba ba ya daɗewa a cikin wannan hali. Kuma hasashen NiMet, hukumar kula da yanayi ta ƙasa, na filin tashi da na filin sauka bai wadatar ba, domin tafiyar kilomita 830 tana ratsa yanayi fiye da ɗaya: ana iya barin Kano garau, a tarar da Legas ta tashi da raɓa da gajimare ƙasa-ƙasa.

Sauran lokutan shekara ma kowanne da nasa. Da damina hadari yakan haɗu ya yi layi ya taso daga gabas, galibi daga la'asar zuwa dare, kuma ƙaramin jirgi ba shi da ƙarfin hawa samansa, sai dai ya ba shi hanya da nisa ko ya sauka ya jira. Da bazara, idan zafin Kano ya kai digiri 40, iska takan yi sakayau har jirgi ya riƙa aiki kamar daga tudu mai tsayin mita 1,500 yake tashi, alhali filin Malam Aminu Kano bai kai mita 500 daga doron teku ba. Inji ya yi rauni, gudu a kan titi ya yi tsawo, hawa sama ya yi nawa. Shi ya sa muke son tashi da hantsi bai ɗaga ba.

Takardu ba zan tsawaita a kansu ba. Ana shigar da tsarin tafiya ga NAMA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage a sararin samaniyar Nijeriya, aƙalla awa ɗaya kafin tashi, ana kuma karanta sanarwar da ake fitar wa matuƙa, domin fili na iya kasancewa a rufe kamar yadda aka rufe na Abuja na mako shida a 2017 aka mayar da jirage Kaduna, ko a hana shawagi a saman wani yanki kamar yadda aka yi wa Zamfara a 2021. Filaye da yawa kuma da faɗuwar rana suke rufewa, magariba kuwa a ƙasarmu ba ta jira, da rana ta faɗi duhu ya biyo baya.

Duk waɗannan abubuwa ana koyar da su a aji, kuma yaron nan ya ci jarrabawarsu. Abin da ba a koya masa ba shi ne yadda zai dubi mahaifinsa, wanda ya biya kuɗin karatun, ya riga ya gaya wa abokansa cewa a jirgin ɗansa zai iso, ya ce masa yau ba za a tashi ba. A tarbiyyarmu yaro ba ya musu da babba, kuma ni ban ga laifin wannan tarbiyya ba a ƙasa. Amma dokar sufurin sama a duk duniya ta ɗora hukuncin ƙarshe a kan matuƙin da ke riƙe da jirgi, ko da ɗan shekara 20 ne, ko da wanda ke zaune a bayansa shi ya haife shi. Na sha ganin matuƙi ya gama lissafinsa daidai, sannan kalma ɗaya ta rushe shi: "Haba, ɗan wannan hazon?" ko "Ai mutane na can suna jiranmu." Ɗaurin aure da jana'iza da taron siyasa su ne suka fi kowane abu hatsari ga ƙaramin jirgi, saboda suna da lokacin da ba ya matsawa, shi kuwa yanayi bai san an raba goron gayyata ba. Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, kuma ban san sana'ar da wannan magana ta fi dacewa da ita kamar tamu ba. Tawakkali ma bayan an ɗaure raƙumi yake zuwa.

Ga abin da muka tsayar a gidanmu, bayan na je da kaina na zauna da surukina muka sha shayi, na ɗora masa takardar lissafin a kan darduma ya bi ta da yatsa. Hajiya da aminin nasa da duk kayan biki za su bi jirgin kasuwa. Shi da ɗansa su biyu kaɗai za su shiga ƙaramin, kuma za su tashi kwana biyu kafin ɗaurin auren, da sassafe, su yada zango sau ɗaya a filin da muka riga muka aika da namu man a rufe da hatimi. An saya musu tikitin jirgin kasuwa na ko-ta-kwana tun yanzu, domin kada ranar tafiya a ce babu wata hanya. Na kuma sa Alhaji ya yi alkawari a gabana cewa idan yaron ya duba rahoton yanayi da asuba ya ce a fasa, ko suna saman Kaduna ya ce a juya, ba zai tambaye shi dalili ba sai sun taka ƙasa. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce ya amince, amma da sharaɗin a bar masa ledar kilishi guda ɗaya. Mun auna ta, kilo 2 ce, mun rubuta ta a takardar nauyi.

Na gode da ba ni wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wani tsohon matuƙin jirgi,
daga Kano.